DAGA NOK ZUWA WUSASA: TARIHIN WURAREN DA ZUMUNTAR MAZA TA ZIYARTA

Cikin shirye-shiryen wannan jubili, Zumuntar Maza ta fita ƙauyuka domin ganin wuraren tarihi. A cikin mota ɗaya akwai Bajju, Ham, Atyap, Gbagyi, Ngas, Hausawa, Yarbawa da Ibo. Ga tarihin wuraren a taƙaice, domin waɗanda ba su sami zuwa ba, musamman matasanmu.

NOK

Nok ƙauye ne a Ƙaramar Hukumar Jaba, ƙasar Ham. A shekarar 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan mutum-mutumi na gasasshen yumɓu a wurin. Ba a kula da shi sosai ba sai wajen 1943, sa'ad da aka kai wa wani Bature mai suna Bernard Fagg wani kan yumɓu daga wajen Jama'a, wanda aka kafa a gonar doya don korar tsuntsaye. Da ya gwada su, sai ya gane aikin al'umma ɗaya ne. Shi ne ya laƙaba musu sunan Nok, shi ne kuma ya kafa Gidan Tarihi na Jos a 1952.

Daga 2005 masana na Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka shiga bincike tare da 'yan Nijeriya. Sun nuna cewa mutanen nan sun zauna a yankin tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Almasihu. Suna noman gero da wake, suna ɗiban zuma, daga baya kuma suka iya narkar da tama. An sami kayansu daga kudancin Kaduna har wajen Abuja, ƙasar da kabilu da yawa suke zaune a yau. Saboda haka ba wata kabila guda da za ta ce nata ne ita kaɗai.

Abin baƙin ciki, a shekarun 1990 'yan fasa-ƙwauri sun sa matasa sun yi ta haƙa a ɓoye, aka kwashe kayan zuwa Turai a kan 'yan kuɗi kaɗan. Abin da aka tone ta haka, labarinsa ya ɓace ke nan.

TURUNKU DA KUFENA

Turunku tana Ƙaramar Hukumar Igabi. Bisa ga labarin da aka gada, nan ne mazaunin Bakwa Turunku a ƙarni na 16, kafin a mai da gadon sarautar Zazzau zuwa gindin dutsen Kufena, daga nan kuma zuwa Zariya. Daga wannan gida ne Sarauniya Amina ta fito, wadda har yau ake kiran tsofaffin ganuwoyi da sunanta. Littafin Tarihin Kano ya ambata cewa Nufawa da Kwararrafa sun kai mata gaisuwa, har da goro dubu 10 daga Sarkin Nufe.

Kada mu ɓoye gaskiya. Hanyoyin da suka kawo goro da gishiri da tufafi, su ne kuma aka bi da bayi. Kakannin waɗansunmu sun kai hari, kakannin waɗansu kuwa sun hau duwatsu sun ɓuya. Jikokinsu ne suka tsaya tare a kan ragowar ganuwar, suka ci guzuri a kwano ɗaya.

WUSASA

Kusa da dutsen Kufena ne Wusasa take. Likita Walter Miller na mishan C.M.S. ya zo ƙasar Hausa a 1900 tare da Bishop Tugwell, ya zauna cikin birnin Zariya daga 1905. Waɗansu daga zuriyar Isawa suka karɓi bishara, aka kafa musu ƙauye a Gimi, amma ciwon barci ya kashe mutane da yawa har wurin ya watse. A 1929 mishan ta tashi daga birni ta koma Wusasa. A lokacin ne magina Hausawa suka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa da azara, da bakan gizo irin na fadar sarki. A 1932 kuwa aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Miller ya yi shekaru yana fama da shi tare da mataimaka Hausawa da waɗansu masu mishan.

Wusasa gari ne na tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Daga wannan jama'a aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko a Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Nan kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi, ɗan Ngas wanda mahaifinsa ya zo daga ƙasar Filato yin aikin bishara.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Mun ga rikicin Kafanchan a 1987, na Zangon Kataf a 1992, da na Kaduna a 2000, wanda ya raba unguwanni. Yara da yawa sun girma suna jin cewa wane ɗan ƙasa ne, wane kuma baƙo. Nok da Turunku da Wusasa sun nuna cewa tun fil azal mutane suna tahowa, suna cuɗanya, suna koyon sana'a da harshe daga juna.

Ginin ƙasa kuwa in ba a yi masa yaɓe ba, damina ce take cinye shi. Haka labarin da ba a rubuta ba. Don haka muna roƙon kowane uba ya kai 'ya'yansa ɗaya daga cikin wuraren nan. Wanda ya tsinci tsohon abu a gona ya sanar da gidan tarihi, kada ya sayar. Dattawan da suka ga farkon wannan ikkilisiya kuma, a zauna da su a rubuta abin da suka sani tun suna da rai.

Ubangiji ya kai mu jubili na gaba lafiya. Amin.