Ba Munafunci Ba Ne, To Mene Ne Sunansa?

A shekarar 1957 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Leon Festinger, ya fitar da littafi a kan wani hali da ya raɗa wa suna cognitive dissonance. Kalmar farko tana nufin abin da mutum ya sani ko ya gaskata. Ta biyun kuwa daga wajen makaɗa aka aro ta: amo biyu ne da aka buga tare suka ƙi jituwa, har kunne ya ji ba daɗi. Abin da yake nufi shi ne takurar da ke damun mutum idan aikinsa ya ci karo da saninsa, da kuma dabarun da zuciya ke ƙullawa don ta samu sakat.

Misalin da shi kansa ya bayar na mashayin sigari ne, kuma ba sai an je Amurka ba. Ga shi nan a bencin mai shayi, kwali a hannu, gargaɗin Ma'aikatar Lafiya a jikin kwalin. Ya san abin da aka rubuta. Ko dai ya daina, abin da yake da wuya, ko kuma ya gyara labarin. Sai ka ji ya ce, "Ai kakana ya sha taba har ya haura tamanin." In ka matsa masa, ya ce maka kowa da ajalinsa. Da ya faɗi haka sai ransa ya yi sanyi, ya kunna wata.

Da wane suna Bahaushe zai kira wannan? Wanda ya fi saurin zuwa baki shi ne munafunci, kuma shi ne mafi nisa da gaskiya. Munafuki ya san abin da ke cikinsa, yana ɓoye shi ne ga mutane, kuma barcinsa yake sha lafiya. Wannan kuwa kansa yake lallashi, kuma yakan yi nasara.

Wani gwaji da Festinger ya yi da James Carlsmith a jami'ar Stanford, aka buga sakamakonsa a 1959, ya raba gardamar. An ba ɗalibai aiki mai gundura na tsawon awa guda: jera kwarkwaron zare a faranti, da murɗa wasu 'yan katakai kaɗan-kaɗan, a gama a sake. Daga nan aka roƙi kowannensu ya gaya wa mai jiran layi cewa aikin akwai daɗi. An biya wasu dala 20, wasu dala 1. Da aka tambaye su ra'ayinsu na haƙiƙa daga baya, 'yan dala 1 ne suka fi cewa aikin ya yi musu daɗi. Mai dala 20 yana da hujja: na yi ƙarya, amma an biya ni da tsoka. Mai dala 1 ba shi da abin kamawa. Ya yarda cewa ya sayar da gaskiyarsa a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba? Gara ya shawo kan kansa cewa dama aikin ba laifi. In akwai mai kama da munafuki a nan, na dala 20 ne.

Zuciya biyu ma ba ta yi ba, don ita kafin yanke shawara take zuwa, wannan kuwa yawanci bayan an yanke yake kamawa. Waswasi ya fi kusa da shakkar da ke dawowa ta hana mutum natsuwa, ko ya yi alwala ko bai yi ba. Da-na-sani ita ce amsa laifi, alhali duk fafutukar nan ta gudun amsa laifin ce.

Wanda ya fi kusa shi ne borin kunya, da karin maganar nan ta cewa tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Kafin littafin 1957, Festinger da abokan aikinsa Henry Riecken da Stanley Schachter sun bibiyi wata ƙungiya a yankin Shikago, mabiya wata mata Dorothy Martin, wadda ta ce ambaliya za ta halaka duniya ranar 21 ga Disamba 1954, amma jirgi daga wata duniyar zai zo ya kwashe su. Wasu har sun ajiye aikinsu. Kamar yadda Festinger da abokan aikinsa suka ba da labari a littafinsu na 1956, mutanen sun zauna jiran jirgin da tsakar dare, sun cire duk wani ƙarfe daga tufafinsu har da zif, shiru kake ji. Gab da asuba matar ta ce saƙo ya zo mata: saboda imaninsu an yafe wa duniya. Mutanen da a da suke gudun 'yan jarida, su ne yanzu suke kiransu a waya. Wanda ya ga yadda wasu 'yan Nijeriya suka tsaya kai da fata suna kare harkar zuba kuɗi ta MMM bayan ta daskarar da kuɗinsu a Disamban 2016 ba zai yi mamaki ba.

Sai dai borin kunya yana buƙatar idon mutane, shi kuwa wannan ko kana kai kaɗai a ɗaki yana aikinsa. Borin kunya da kame-kame da kawo hanzari duk sunaye ne na abin da ake gani a waje. Na cikin ne ba mu ware masa suna ba. Masu fassara suna iya cewa rashin jituwar tunani, kuma daidai ne, sai dai ya yi tsawo, ba zai shiga hirar majalisa ba. Ni dai na zaɓi saɓanin zuci ga takurar, yaudarar kai kuma ga maganin da mutum yake haɗa wa kansa. Munafunci a bar wa masu shi.