Alan Dean Foster: Marubucin da Aka Ɓoye Sunansa

A ƙarshen shekarar 1976, kamfanin ɗab'i na Ballantine da ke Amurka ya fitar da wani ƙagaggen labari mai suna Star Wars, wata shida kafin fim ɗin ya fito a watan Mayu na 1977. Sunan George Lucas ne a bangon littafin, amma ba shi ya rubuta ba. Wanda ya zauna da takardun shirin fim ɗin ya mayar da su zube shi ne Alan Dean Foster, wanda aka haifa a Niyok a 1946, ya tashi a Los Angeles, ya kuma karanta kimiyyar siyasa da harkar fim a jami'ar UCLA.

Wannan sana'a ta mayar da fim littafi ba ta da gata a wajen masu nazarin adabi. Suna ɗaukar ta aikin kwangila, kamar na tela da aka kawo wa yadi aka kuma faɗa masa ɗinkin da ake so. Foster yana da nasa littattafan, na farkonsu The Tar-Aiym Krang ya fito a 1972, amma da aikin kwangilar duniya ta san shi: kundi goma na Star Trek Log daga 1974 zuwa 1978, sai Alien a 1979, da Aliens a 1986.

Littafinsa da ya fi cancanci ɗalibi ya tsaya a kansa shi ne Splinter of the Mind's Eye na 1978. Lokacin da aka ba shi aikin, babu wanda ya san ko Star Wars zai karɓu. Don haka aka nemi ya tsara labarin da za a iya mayarwa fim da kuɗi kaɗan idan na farkon ya faɗi. Shi ya sa ya kai Luke da Leia wata duniya mai dausayi da hazo, Mimban, inda ba a buƙatar gina manyan wuraren ɗaukar hoto. Han Solo bai fito ba ko sau ɗaya, domin Harrison Ford bai sa hannu kan wani fim na gaba ba tukuna. Wato aljihun mai fim ne ya zaɓi wurin labarin da taurarinsa. Da fim ɗin ya kawo ribar da ba a zata ba, sai aka bi wata hanya daban, littafin ya tsaya a takarda.

Mai karatu a Kuseri ko Garwa, wanda wataƙila da Faransanci ya fara ganin waɗannan finafinai, zai so ya kwatanta da abin da ke gida. Labarin kimiyya ba baƙo ba ne a Hausa, tun da Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969. Sai dai a Kano ruwan ya fi gudana ta ɗaya ɓangaren: littafi ne ke zama fim, kamar yadda aka yi da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. A ganina wannan ya bar wa marubucin Kano martabar da Foster bai samu ba, ko da yake batun haƙƙin mallaka bai bar kowannensu ya huta ba.

Kamfanin Disney ya sayi Lucasfilm a 2012, ya sayi 20th Century Fox a 2019. Daga nan kuɗin kason da ake biyan Foster kan tsofaffin littattafansa suka tsaya, alhali ana ci gaba da sayar da su. A watan Nuwamba na 2020 ƙungiyar marubutan labarin kimiyya ta Amurka, SFWA, ƙarƙashin shugabarta Mary Robinette Kowal, ta fito da maganar fili. Ƙungiyar ta ce matsayin kamfanin shi ne ya sayi haƙƙin littattafan ba tare da nauyin biyan da ke cikin yarjejeniyar ba. Da an bar wannan ya tsaya, da duk mai ɗab'i zai iya kuɓuta daga biyan marubuci ta hanyar sayar da yarjejeniyarsa ga wani. An sasanta da Foster a 2021, yana da shekara 74, amma ƙungiyar ta ci gaba da bin kadin wasu marubutan da suka fito da irin wannan ƙorafi bayansa.