Lodi da Zadi: Tarihin Fitar da Harafi a Makarantun Arewa

Duk wanda ya taɓa zama kusa da makarantar allo a Dogon Dutsi ko Matankari ko Tibiri da almuru, lokacin da aka hura wutar kara almajirai suka kewaye ta, ya san cewa kafin yaro ya kai ga haɗa baƙi da wasali sai ya wuce babbaƙu, inda ake sanar da shi kowane harafi da sunan da malaman Hausa suka raɗa masa tun zamanin da. A cikin sunayen nan akwai hikimar da ba kowa ke lura da ita ba, domin an ƙago yawancinsu ne saboda wata matsala guda, wato Larabci yana da haruffan da kunnen Bahaushe ke ji kamar abu ɗaya, alhali kuwa a wurin Balarabe kowanne da mafitarsa.

Ga ha har iri uku, wadda ke fitowa daga ƙarshen maƙogwaro, da ta tsakiyarsa, da ta bakinsa. Bahaushe ha ɗaya gare shi, saboda haka malamai suka ce ha babba, da ha ƙarami, da ha mai ruwa, ruwan kuwa shi ne ɗigon da ke bisa harafin. Haka sin da sadi, haka zal da zaira da zadi. Abin da kunne ya kasa rabawa sai aka miƙa wa ido, yaro ya tashi ba ya kuskuren rubutu ko da furucinsa bai bambanta ba. Shi ya sa ake samun alaramma ya rubuta Alƙur'ani sukutum da ka, bai sa sin a gurbin sadi ko sau ɗaya ba.

Ilmin da kansa tsoho ne ƙwarai. Halilu ɗan Ahmad na Basra ya jera ƙamusunsa bisa mafitar haruffa tun daga maƙogwaro har zuwa leɓɓa, almajirinsa Sibawaihi ya ƙidaya mafita 16, Ibnul Jazari kuma, wanda ya rasu a shekara ta 833 bayan Hijira, ya tsayar da su 17 a cikin Muƙaddimarsa, wadda ke hannun masu tajwidi har yau. 

Ƙasar Arewa, wato yankin su Dogon Dutsi, ta shigo wannan sha'ani a makare. Ko da yake tana maƙwabtaka da Kabi da Gwandu, Arawa da Gubawa sun daɗe riƙe da addinin kakanninsu, kuma a 1899, lokacin da rundunar Voulet da Chanoine ta auka wa Lugu, Sarauniya ce ke riƙe da garin bisa tsarin gargajiya. Sai a zamanin Nasara, da hanyoyi suka buɗe fatauci ya yalwata, musulunci ya yi ta bazuwa, ya ƙara ƙarfi bayan samun mulkin kai a 1960. Malaman da suka kawo karatu, da 'yan ƙasa da suka tafi gabas nemansa, sun zo da ruwayar Warshu daga Nafi'u da rubutun Magaribi, wanda fa ke da ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, suka zo kuma da furucin malamansu: ɗa a gurbin harafin da ke cikin ɗahara da ɗawafi, ca a gurbin mai ɗigo uku, sannan lodi.

A kan lodi ne ya kamata a tsaya. Shi ne harafin da Larabawa ke alfahari da shi, malaman Hausa kuwa suna furta shi kamar lam mai kauri, daga nan muka samu alwala da alƙali da farilla da lalura. Matasa da yawa suna ɗaukar wannan jahilci ne tsantsa, ni kuwa ina ganin sun yi gaggawar hukunci, domin Sibawaihi ya siffanta harafin da cewa daga gefen harshe yake fita, daura da turame, kuma gefen harshe nan ne gidan lam. Mutanen Andalus ma sun bar wa Sifaniyanci kalmar alcalde daga alƙali, da lam ɗinta. Ashe dai tsofaffin namu wani sawu na tsohon furuci suka riƙe, ko da bai cika ba.

Canjin ya zo ta kunne. Madarasar Say da aka buɗe a 1957, da Jami'ar Musulunci ta garin da ta fara aiki a 1986, da alhazai da ɗaliban da suka komo daga Masar da Madina, sun kawo ruwayar Hafsu. Rediyo da kaset kuma suka shigar da muryar Shehu Mahmud Halil Husari, wanda ya naɗi Alƙur'ani cikakke a 1961, har cikin rumfunan kasuwa. Da Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta yi ƙarfi a Dogon Dutsi cikin shekarun 1990, sai kalmar ƙarshe ta Fatiha, wadda ke da lodi a cikinta, ta shiga cikin abubuwan jayayya, ana tambaya ko sallah ta inganta a bayan limamin da ke karanta ta da lam. Mas'alar ba sabuwa ba ce ga Malikawa, Shehu Halil mai littafin Muhtasar ya ambaci saɓanin malamai a cikinsa game da koyi da wanda ba ya raba lodi da zadi, bai kuwa yanke wa ɓangare ɗaya ba.

Yanzu a islamiyyun Dutsi da Tibiri da Gecheme malama takan sa yarinya ta kafa harshe a turame ta yi ta maimaitawa har harafin ya fito, a makarantar allon da ke bayan katanga kuma gardi yana nan yana biya wa ƙolo ha mai ruwa. Akwai gidaje da yawa da ɗa ɗaya ke zuwa duka biyun, allo da asuba, islamiyya da la'asar.