Farautar Ɓoyayyar Ajiya da Tarihin da ke Ƙarƙashin Ƙafafunmu a Mahuta

 

Ya kai mai karatu, akwai wani wasa da ya yaɗu a duniya wanda ake ɓoye ƙaramin akwati a wani wuri, a bayyana lambobin wurin, sai masu nema su bi sawu da na'urar GPS har su gano shi, su rubuta sunayensu a takardar da ke ciki, su mayar da shi yadda suka same shi. Asalinsa ya samo ne a watan Mayun 2000, lokacin da gwamnatin Amurka ta daina dusashe saƙon taurarin ɗan'adam ga farar hula. A ranar 3 ga watan wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ɓoye bokitin farko a jihar Oregon. Tun kafin wannan ma, a shekarar 1854, wani ɗan jagora mai suna James Perrott ya ajiye kwalba a dajin Dartmoor na Ingila domin matafiya su bar katinsu a ciki.

Abin da ya ja hankalina ga wannan wasa shi ne tambayar da na yi wa ɗalibaina na Islamiyya a nan Mahuta: ina ne ake awon auduga a garin nan a da? Babu ko ɗaya da ya sani, alhali kullum ta gefen filin suke wucewa. Sai na shirya musu irin wannan farauta, ba da na'ura ba, sai da alamomin da na sani tun ina yaro.

Takardar farko na ɓoye ta ne a kogon tsohuwar kukar da muke wasan ɓuya a gindinta. A ciki na rubuta musu cewa wannan ƙasa tamu ta kudancin Katsina tana da tsofaffin garuruwa tun kafin zuwan Turawa, irin su Maska da ta yi suna wajen saƙa, kuma har yau Hakimin Funtua shi ne Sarkin Maska, kamar yadda Galadiman Katsina yake zaune a Malumfashi. Sunan garinmu kansa, a harshen Hausa, yana nufin wurin hutawa.

Ta biyu na sa ta ƙarƙashin dutse a filin awon auduga. Ni ban riski kasuwar tana ci ba. Kakana ne, Allah ya jiƙansa, yake nuna mini inda sikeli yake tsayawa da inda jakuna suke layi da kaka. Kamfanin Turawa na BCGA, wanda aka kafa a Manchester a 1902, shi ya kafa injinan gurzar auduga a wannan yanki, kuma layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtua da Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929 shi ya riƙa kwashe ta zuwa bakin teku. Da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, sai wannan tsari ya watse, filin ya zama wurin ƙwallon yara.

Ta uku na ɗaure ta a bakin gonar masara. Da yawa daga cikin yaran suna zaton masara ce abincinmu tun fil'azal. Ba haka ba ne. Dawa da gero ne tushen tuwon kakanninmu. Shirin bunƙasa noma na Funtua, wanda aka fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe, shi ya yaɗa takin zamani da ingantaccen iri, har masara ta mamaye gonaki. A lokacin ba mu da jiharmu ta kanmu, domin sai a 1987 aka ƙirƙiro jihar Katsina daga jihar Kaduna.

Ta huɗu kuwa ban samu inda zan ɓoye ta ba. Na nufi zauren makarantar allon da na fara karatu, inda muke kewaye wutar kara da asuba, sai na tarar an rushe shi an gina shaguna. Na daɗe tsaye da takarda a hannu. A ƙarshe na miƙa ta ga wani dattijo da ke zaune a kusa, na ce wa yaran ajiyar tana hannun mutum, sai sun gaishe shi da ladabi zai ba su. Da suka same shi, bai sake su ba sai da ya shafe kusan sa'a yana ba su labarin rijiyar unguwa da waɗanda suka haƙa ta. Abin da ya faɗa musu ya fi duk abin da na rubuta.

A nan ne na tuna ƙissar da ke cikin Suratul Kahfi, ta bangon da ya kusa faɗuwa aka tayar da shi domin a ƙarƙashinsa akwai taskar wasu marayu biyu, a tsare musu ita har su girma. Tarihin gari ma haka yake: ajiyar yara ce, dattawa su ne bangon da ke rufe da ita. Idan bangon ya faɗi kafin yaran su san da ita, shi ke nan ta salwanta.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana malamai a Funtua, Malumfashi, Ƙafur, Bakori da sauran garuruwanmu: ku ware yini guda, ku zaɓi wurare huɗu ko biyar a cikin gari inda babu fargabar tsaro, ku nemi izinin masu unguwa da iyaye, ku sa yara su rubuta abin da suka ji daga bakin tsofaffi. Littafin rubutu guda ya isa a fara.

Dattijon nan da ya riƙe mana takarda ta huɗu ya haura shekara 80. Na yi alkawarin komawa wurinsa da alƙalami kafin damina ta kankama. Allah ya ba mu ikon cikawa, ya jiƙan magabatanmu, amin.