Mayafi ɗaya, leya hamsin

Kafin kwamfuta ta shiga ɗakin ɗab'i, wanda zai raba mutum da bayan hotonsa wuƙa yake ɗauka. Akwai wata jar leda mai suna Rubylith da ake shimfiɗawa a kan hoto, a bi gefen fuska da kaifi, a ɓare inda ake so haske ya ratsa. Jan launin da Photoshop ke shafawa a inda aka rufe, daga nan ya samo asali.

Photoshop na 'yan'uwan nan biyu, Thomas da John Knoll, ya fito a 1990 ba tare da leya ba. Sai a 1994, da fitowar 3.0, aka samu leya, wato damar jera hoto bisa hoto, kowane da mayafinsa: baƙi ya ɓoye, fari ya bayyana. Mun yi murna, amma wata wahalar ta biyo baya. A ce ka ɓata yini kana bin gefen gyalen amarya don kalandar biki, sai ga leya goma ko hamsin duk suna buƙatar wannan yankan. Sai ka mayar da mayafin zaɓi, ka koma leya ta gaba, ka danna, ka sake dawowa. Hannu ya gaji, ido ya yi ja, mai aiki kuma yana tsaye a kanka yana cewa gobe ne ɗaurin aure.

Sauƙin farko ya zo a 1996, lokacin da 4.0 ya kawo Actions. Ka yi aikin sau ɗaya kwamfuta tana naɗa, daga baya ta maimaita. Sai dai abin ba ya da wayo. Idan ya naɗi sunan leya, to ranar da ya buɗe fayil ɗin da sunan ya bambanta, tsayawa yake cak. Da yawa daga cikinmu a nan muka koyi raɗa wa leyoyi suna bisa tsari, kuma har yau ina ganin wannan tarbiyya ta fi Actions ɗin kansa amfani.

Da rubutun umarni na JavaScript ya zauna da gindinsa a zamanin Photoshop CS, wajen 2003, sai aka iya cewa: bi kowace leya, saka mata mayafin nan. Amma umarnin da aka tanada a sarari bai kai ga mayafi kai tsaye ba. Dole ka kunna ScriptListener, ka yi aikin da hannu, ya zubo maka dogon rubutu cike da lambobin haruffa huɗu-huɗu, ka kwafa ka liƙa a naka. Haka ƙwararru suka riƙa miƙa wa juna waɗannan guntaye, mafi yawa ba tare da sanin abin da kowane layi ke nufi ba. Masu manhajar gyaran hoto ta GIMP, wadda Spencer Kimball da Peter Mattis suka fara a Berkeley a 1995, sun bi tasu hanyar da Script-Fu.

Abin da ya daɗe yana damuna shi ne kwafi ba ya bin asali. Ka gano gashi ɗaya da ka yanke ba daidai ba, to kuskuren yana nan a wuri hamsin, sai ka goge duka ka sake. Saboda haka a wurina babban ci gaba shi ne tara leyoyi cikin jaka ɗaya a ɗora mata mayafi guda, gyara ɗaya ya wadatar da kowa. Photoshop ya kawo jakar a 6.0 cikin 2000. GIMP ta samu jaka a 2012, mayafin jaka kuwa sai 2.10 a 2018.

Yanzu yaran shago suna danna Select Subject, manhaja ta zaɓo mutum da kanta cikin daƙiƙa. Tana ƙoƙari ƙwarai. Duk da haka ina sa su su ƙara girman hoton su duba gefen leshi da bakin hula kafin su yaɗa mayafin a sauran leyoyi, domin a nan take yawan cin gefe.