Tarihin Masu Koyar da Kokowa, Daga Dandali Zuwa Takobi



Kowa ya san sunan wanda ya yi kaye, amma ba safai ake tuna wanda ya koya masa kamu ba. Shi ya sa muka ga ya kamata mu waiwayi tarihin waɗannan mutane.

A zamanin kakanninmu, nan ƙasar Arewa, in an gama girbin hatsi sai makaɗa su fito dandali, samarin Ɗan Kassari su kara da na Lugu da sauran ƙauyuka. Mai koyarwa a lokacin tsohon ɗan kokowa ne da ƙarfi ya fara ja masa baya. Shi ke zaɓen yaro, ya nuna masa kamun ƙafa, ya kuma hana shi girman kai. Ba a biyansa ko dala.

Bayan Seyni Kunce ya karɓi mulki a 1974, aka farfaɗo da samariya, gwamnati ta sa hannu cikin al'amarin. A 1975 aka yi gasar ƙasa ta farko a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi. Daga nan aiki ya sake kama. Kowace jiha ta shiga neman mai horo, da alƙalin wasa, da jami'in da zai rubuta sunaye ya tanadi mota da abinci. Daga bisani makarantar INJS ta Yamai ta riƙa yaye malaman wasanni ana tura su kwaleji. Jiharmu ta Doso ba a bar ta baya ba: Salma Ɗan Rani ya ɗauki takobi, Isaka Isaka kuma ya ɗauke shi sau da yawa.

To, ga abin lura. Isaka Dabore ya samo wa Nijar tagulla a dambe a Munik, 1972. Sai da aka yi shekara 44 kafin Alfaga ya kawo azurfa daga Riyo a 2016, shi ma bayan ya samu horo a Jamus. Ƙarfi muna da shi, mai gyara shi ne ya yi ƙaranci.

Saboda haka muna roƙon ƴan ƙungiya, a taron kaka mai zuwa, mu ware wani abu daga asusu don tsofaffin ƴan kokowarmu da malamin wasanni na kwaleji. In suka tafi ba su koyar ba, yaranmu kallo kawai za su iya.

Allah ya jiƙan magabata, ya bar zumunci.