Motar Kara a Ƙasar Rano

Da a ce motar kara tana jure wa gara da damina, da ita kaɗai ta isa ta ba da tarihin hanyoyin ƙasar Rano. Yaro ba ya ƙera abin da bai gani ba. Duk motar da ta fara shigowa gari, kafin ƙurarta ta lafa an yi 'yar ƙaramarta a bayan darni.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, amma layinsa bai bi ta Rano ba, balle Kibiya. Gyaɗarmu a kan jakuna ta fara fita, daga baya manyan motoci masu bodin katako suka karɓa. Shi ya sa idan ka tambayi dattawan da suka girme ni irin motar da suka yi suna yara, amsar ɗaya ce: motar gyaɗa, doguwa, da buhunan tsumma cike da yashi a baya.

Sana'ar kaka ce. Sai an girbe dawa an kwantar da kara sannan ake buɗe gareji. Ba kowane kara ba: wanda ya bushe sarai, miƙaƙƙe, wanda tsutsa ba ta huda ba. A fere ɓawon da reza, a tsaga shi siri-siri, shi ne ƙusa kuma shi ne ƙarfe. Totuwar ciki, farar nan mai laushi, ita ce katako. A yanka ta gunduwa-gunduwa, a soka mata ɓawon, a haɗa shasi, a ɗora kai, a tayar da bodi hawa-hawa. Inda ake son ƙarfi sai a sa ƙayar aduwa. Ɓawon nan ya fi rezar kaifi, kuma har yau akwai tabonsa a babban yatsana. Taya kuwa sakaina ce, a goga ta a dutse har ta zama da'ira. Da silifas ya yawaita sai aka koma yanka tsofaffinsa, wani lokaci ma waɗanda ba su tsufa ba. Nan rigima take tashi, haka ma idan aka zare kara a darni.

"Kai, wa ya zare mini kara a darni?"

"Inna, awaki ne."

"Awakin ne suka san mai kyau su bar ruɓaɓɓe?"

Gwanin unguwarmu wani yayanmu ne. Shi ne direba, mu ƙanana karnukan mota. Aikinmu neman kara, riƙe totuwa, da yin kukan inji da baki idan an zo hawan tudu. Sai ka yi kaka guda kana wannan bauta kafin a bar ka ka riƙe reza.

Aikin madatsar ruwa ta Tiga, wanda aka yi tsakanin 1971 da 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, shi ya sauya komai. Tifa, katafila, gireda, tankar ruwa, abubuwan da iyayenmu ba su taɓa gani ba suka zama abin kallon yau da kullum ta wajen Rurum. Nan take motar gyaɗa ta zama tsohon yayi. Daga nan gwani shi ne wanda tifarsa take ɗaga baya ta juye ƙasa idan an ja zare. Yaran Tarai da na cikin Kibiya da ba su je sun gani ba, wurin waɗanda suka je suke kwaikwaya, har tifar ta yi ta canza kama daga gari zuwa gari.

Sai Fijo ta zo ta kunyata kara. An fara haɗa ta a Kaduna a 1975, kuma ba a jima ba 404 da 504 suka cika hanyar Bunkure. Jikinta a lanƙwashe yake, kara kuwa bai san lanƙwasa ba, karyewa yake yi. Dole aka koma gwangwanin madara da na Bournvita, da langa-langa, da waya. Ana buɗe gwangwani da wuƙa, a daddale shi da dutse, a naɗe bakin. Murfin kwalba ya zama fitila, robar tsohon tub ta zama sifirin, doguwar waya ta zama sitiyarin da kake murzawa kana tsaye. Ni dai ban taɓa son ta gwangwani kamar ta kara ba. Ta fi ƙarko, gaskiya ne, amma ƙararta ta yi yawa, kuma mai kuɗin sayen madara ya riga ka samun kayan aiki. Kara na kowa ne.

Manya ba su ɗauki wannan wasa a matsayin ilimi ba. Ɓarna suke ce masa. Da aka buɗe makarantun firamare na UPE a 1976 har da darasin aikin hannu, amma tsintsiya da igiya ake karɓa a ba da maki, mai tifar da ke juye ƙasa kuwa sai ya ɓoye ta a bayan aji.

Jirgin sama ne ya gagare mu, kuma da dalili. Tun ranar 1 ga Nuwamba 1925 jiragen sojan Ingila uku suka sauka a Kano, amma mu ƙasan cikin jirgi kawai muka sani, can sama, lokacin jigilar alhazai. Don haka jiragenmu duk giciye ne: totuwa doguwa, fiffike biyu, wutsiya. Ba taya, ba taga, sai wani Alhaji ya dawo ya ce ai akwai kujeru a ciki har da bayan gida, muka yi ta gardama a kan inda za a sa shi. Farfela ce kaɗai muka iya. A soke ta da ƙaya a goshin jirgin, ka ruga da gudu cikin iskar hunturu, tana juyawa tana zuga. Da ka sake shi sai ya kife.

A 2007 jaridu suka ɗauki labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyya a Jami'ar Bayero, wanda ya haɗa helikwafta a Kano da injin tsohuwar Honda Civic da tarkacen ƙarafa. An ce tashinsa bai wuce ƙafa bakwai ba. Wasu suka yi dariya. Mu da muka yi gudu da jirgin totuwa ba mu yi ba.